Ban Ga Gatera Ba

Lahadi, 2 ga Fabrairu, ƙarfe huɗu na yamma

Ban je coci ba. Matata, Maman Keza, ta je da 'yarmu, ta dawo ta ce har a bakin coci maganata ake yi. Na ce su yi ta yi, bakinsu ne.

Jiya a tseren share fage, a gangaren Shyorongi, Gatera ya faɗi. Shi ke kan gaba duk kakar nan, shi ke sanye da rigar jagora. Al'adarmu kuwa kowane ɗan tseren keke ya san ta: in mai riga ya faɗi, ayari ya sassauta har ya tashi. Ni ina gaba ina tare wa Shema iska, aikin da nake yi wa duk wanda ƙungiyarmu ta ce shi ne gwaninta, shekara goma sha ɗaya ke nan. Na kwanta zan sha kwana ta hagu, na ji wani abu ya taɓa tayata ta baya, na ɗauka dutse ne, na ci gaba da taka feda. Wai an yi mini ihu. A gudun kilomita saba'in iska kawai mutum ke ji. Shema ya ci tseren. Gatera yana asibiti, ƙashin kafaɗarsa ya karye gida biyu.

A wurin gamawa aka tambaye ni, na ce ban gan shi ba. Kamali, abokin Gatera a ƙungiyar masu koriyar riga, ya tofar da yawu kusa da takalmina.

"Ban gan shi ba! Haba Kawu, da girmanka? Wannan ai ƙaryar 'yan koyo ce."

Yana da gaskiya ta wani wajen. Duk ɗan tseren da ya datse wani, abin da yake cewa ke nan. Ni ma na sha jin ta a bakin wasu, na sha yin tsaki. Amma ban gan shi ba.

Saura sati biyu Zagayen Ƙasa, babban tserenmu na kwana takwas. Tara na gama. Wannan ne na goma, kuma sai na gama shi.

Talata, 4 ga Fabrairu, bayan atisayen safe

Koci Kayiranga ya ja ni bayan motar kaya.

"Sebahire, je ka asibiti ka ba yaron nan haƙuri. Ka ce ka gan shi, kwanar ce ta ƙwace maka. Shi ke nan, magana ta mutu."

"In je in ce na gan shi?"

"To me zai rage ka?"

"Koci, in ƙarya kake so, aiki wani. Ni ban gan shi ba."

Ya dafe kai ya ce taurin kaina zai kashe shi kafin hawan jini. Bai cire ni daga 'yan biyar ɗin da za su yi Zagaye ba, don ba shi da wanda ya san ramukan hanyoyin nan kamar ni. Ni ma na san haka, shi ya sa ban ko gode masa ba.

Alhamis, 6 ga Fabrairu, da hantsi

Na sake ture kofin shayi. Na ce wa Maman Keza ta daina ajiye shi ta gefen hagu.

Asabar, 8 ga Fabrairu, ƙarfe biyar na yamma

Kilomita ɗari da arba'in ni kaɗai. Na haɗu da masu koriyar riga a hawan Buranga, na ɗaga hannu, ba wanda ya ɗaga. Ko a jikina.

Yaran nan sun ɗauka Zagaye da su ya fara. Lokacin da na fara shiga, buhun dankali nake ɗaukowa a keke daga Kinigi zuwa kasuwar Musanze, sau uku a rana. Keken da aka ba ni a Zagayen farko ya fi ni tsawo, takalmin kuma na aro ne, na cusa takarda a ciki. A ajin makaranta muke kwana. A waccan shekarar wani ɗan Maroko ya ci, na zo na arba'in da uku. Shekara ta huɗu ɗan ƙasa ya ci, ni na ja shi har gindin hawan ƙarshe, a hoton da aka buga gwiwar hannuna kawai ta fito. Ban taɓa cin zango ko ɗaya ba. Amma ban taɓa hawa motar tsintsiya ba, motar nan da ke bin bayan kowa da tsintsiya ɗaure a ƙeyarta, tana kwashe waɗanda suka gaza. Kana hawa alƙalin tsere zai ɓalle lambar da ke bayanka, sunanka ya fita daga takarda kamar ba ka taɓa zuwa ba.

Wani dattijo, Muzehe Rukara, ke tuƙa ta. Shi ma tara ya gama a zamaninsa, a na goma ya hau. Har yau bai sauko ba.

Laraba, 12 ga Fabrairu, da azahar

Gwajin likita kafin a sa hannu a lasisi. Zuciya lafiya, jini lafiya. Ya ce in rufe ido ɗaya da tafin hannu in karanta allo. Na rufe na hagu, na karanta har layin ƙasa. Ya ce in rufe ɗayan. Na rufe. Yatsun mutum ai ba a manne suke ba.

Ya buga hatimi.

Juma'a, 14 ga Fabrairu, ƙarfe shida na yamma

Mun yi faɗa da Maman Keza. Tana tsince wake, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Baban Keza, yau Gatera ne. Gobe wa?"

"Ba wanda za a yi gobe da shi."

"In ba ka gaya wa Koci ba, ni zan gaya masa."

"Gaya masa mana. Ga waya nan. Sai ki zo ki zauna da ni kwana takwas ina kallon Zagaye a talabijin, mu ga wa zai fara gudu daga gidan nan."

Ta ce ba abin dariya ba ne. Na ce na sani. Na yi mata alkawari zan bi bakin titi ta hagu, yadda ba mai shigowa ta nan sai ciyawa. Ta ce ciyawa da kwata da 'yan kallo. Na ce bayan Lahadin ƙarshe ta kai ni duk inda take so a duba, ko da igiya. Sai ta wanke mini safa huɗu ta sa a jaka.

Ina jin tsoro. Na rubuta a nan don kada in faɗa wa kowa.

Lahadi, 16 ga Fabrairu, ƙarfe huɗu na yamma, Rwamagana

Zango na ɗaya. Mu tamanin da biyar muka tashi, lambata saba'in da huɗu. Wani Bafaranshe ya ci, ya sa rawayar rigar jagora. Shema na tara. Na shigo cikin ayari.

Ba ɗan ƙasa ko ɗaya da ya yi mini magana. Baƙi ma an ba su labari, ina ganin yadda suke ba ni wuri kamar mai ƙaiƙayi. Ya yi mini daidai, wurin nake so.

Litinin, 17 ga Fabrairu, ƙarfe biyar na yamma, Huye

Zango na biyu. Wani ɗan Eritiriya ya ci, Bafaranshen ya riƙe riga.

Bayan Muhanga Koci ya ce in koma baya wurin motarmu in kwaso ruwa. Na cusa gora shida a riga, na fara ratsa ayari zuwa wurin Shema. Ba yadda za a kai ruwa ta bakin titi, dole ta tsakiya. Na kauce wa rami, sai na ji ihu a kunnena da ƙarar birki. Wani siririn yaro ɗan Habasha ne, kafaɗarsa ta gogi tawa. Bai faɗi ba. Allah ne kawai ya sa bai faɗi ba. Ya zage ni da yarensu, na karɓa.

Na miƙa wa Shema ruwansa, na zame baya, can bayan kowa, ban ƙara shiga ba. Da muka iso Koci ya yi ta faɗa a gaban makanike.

"Mai tare iska na kawo ko ɗan rakiya? Me kake yi a wutsiya?"

"Ina tsere."

"Da wa? Da Rukara?"

Na ce ya ba wani aikin ruwa daga yau. Ya ce in ba zan yi aiki ba in hau mota in huta. Na ce lambar a bayana take, ya zo ya cire da hannunsa in ya isa.

Talata, 18 ga Fabrairu, ƙarfe shida na yamma, Rusizi

Zango na uku, ta dajin Nyungwe.

Tun hawan farko ayari ya tarwatse. Marasa ƙarfin hawa suka haɗu a baya kamar kullum, abin da muke kira bas. Aikin bas ɗaya ne, a taru a karɓi iska bi da bi don a shigo cikin wa'adi, domin duk wanda ya iso bayan wa'adin da alƙalai suka yanka daga lokacin na farko, an cire shi ko da ƙafarsa ya iso. Shekara da shekaru ni ke yi wa bas lissafin mintoci. Bana Kamali ne direba.

Na laɓe a bayan na ƙarshe. Kamali ya waiga.

"Bas ta cika, Kawu."

"Titin na babanka ne?"

"A'a. Amma kada ka datse mu ka ce ba ka gan mu ba."

Suka buɗe gida biyu suka bar ni da iska. Na sake laɓewa, suka sake buɗewa. A karo na uku na bar su suka tafi. Kilomita tamanin ni kaɗai, hazo, sanyi, birai a bakin hanya suna kallona, injin Muzehe Rukara yana gurnani a ƙeyata. Ya matso ya sauke gilashi.

"Ɗana, akwai kujera mai laushi. Akwai ayaba. Har rediyo na kunna maka."

"Muzehe, kujerar taka ce, kai ka ɗumama ta."

"Yara huɗu na kwasa yau, duk sun fi ka jini a jika."

"To ka yi ta hira da su."

Ya yi dariya har da tari. Can a gangaren ƙarshe, wajen gonakin shayi, na ji ya daina tsokana, ya koma kiran mintoci ta taga. Ba aikinsa ba ne. "Saura tara! Saura bakwai, taka, ɗan banza!"

Ɗan Eritiriyan ya sake ci, ya karɓe riga. Wa'adi minti ashirin da tara. Na shigo a ashirin da bakwai da daƙiƙa arba'in. Ban hau ba.

Laraba, 19 ga Fabrairu, da la'asar, Karongi

Hanyar bakin tafki, kwana a kan kwana, rabinsu ta hagu. Wuyana ya ƙage don juya kai. Ban hau ba.

Alhamis, 20 ga Fabrairu, ƙarfe biyar da rabi na yamma, Musanze

Zango na biyar, gida. An yi ruwa tun daga Rubavu. Shema ya zo na biyu, garin ya haukace. Mu sittin da takwas muka rage, ni ne na sittin da takwas.

Mutanen unguwarmu sun fito. Wasu suna kiran sunana, wasu suna kiran na Gatera da gangan. Wani ya riƙe kwali ya rubuta BAN GAN SHI BA da manyan baƙaƙe. Wannan kam na gani, ta dama ya tsaya. Na ɗaga masa babban yatsa.

Maman Keza ta zo masauki da kindirmo da dafaffen rogo. Keza ta ƙi zuwa wurina, ta ɓuya a bayan zanen uwarta.

"Me na yi mata?"

"Tun sha ɗaya muke tsaye a gaban shagon ɗinki. Ta yi ta kiran Baba har muryarta ta dishe. Ka wuce dab da mu, ko waige."

"Ta wane gefe kuka tsaya?"

Ta nuna mini hannuna na hagu. Na ɗauki yarinyar na ce mata Baba yana sauri ne. Ta ce ai ni ne na ƙarshe, wane sauri. Shekararta biyar.

Wannan ya fi hawan Nyungwe ciwo.

Juma'a, 21 ga Fabrairu, ƙarfe biyar na yamma, Kigali

Zango na shida. Mun bi ta Shyorongi. Ba zan rubuta komai a kan kwanar ba, na wuce ta.

Kafin nan, wajen Base, iska ta taso ta gefe, irin wadda ke cinye mutum ɗaya. Na ga bas ta sassauta. Na ɗauka wani ne ya yi faci, ashe ni suke jira. Kamali ya zamo har inda nake.

"Kawu, ya isa. Kwana uku muna kallonka, mun gaji da ganin wahala. Shigo layi ka karɓi naka."

Na so in shiga. Allah ya sani na so. Amma layin bas juyawa yake yi, kana gama naka ka zame, na bayanka ya wuce ta kafaɗarka, kuma da iskar yau ta hagu za su riƙa wucewa. Mutum goma sha huɗu, taya dab da taya, ɗaya bayan ɗaya, har Kigali.

"Ku tafi," na ce.

"Me?"

"Na ce ku tafi. Ban roƙe ku ba."

Ya dube ni kamar zai kai mini naushi. "Wallahi girman kai zai kashe ka. Mutu a titi, tsohon banza."

Suka tafi. Gara ya ce girman kai ne.

Wa'adi minti ashirin da shida. Na shigo da saura daƙiƙa hamsin. Makanike ne ya sauke ni daga keke, ƙafafuna sun ƙi. Muzehe Rukara ya zo ya tsaya a kaina.

"Ni a rana irin ta yau na hau," ya ce. "Zango na shida."

"Na sani, Muzehe."

"Kujerar ba ta da laushi. Ƙarya nake maka."

Ban hau ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu, da azahar

Yau aikin gayya na ƙarshen wata, sai da rana aka tashi, zangon gajere ne. Kowa shi kaɗai da agogo, ba ayari, ba kowa a kafaɗata. Na fi mutum goma sha tara gudu. A rubuta wannan ma.

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Koci ya ce Gatera ya fito daga asibiti, gobe zai zo wurin gamawa. Ya ce don Allah in yi abin da ya kamata. Na ce zan gama Zagaye, shi ne abin da ya kamata.

Lahadi, 23 ga Fabrairu, ƙarfe biyar na yamma, Kigali

Zango na takwas. Sau uku aka hau titin duwatsun nan mai tsayi na Nyamirambo. Mutane sun cika shi har kan rufin gidaje, hanyar da suka bari ba ta fi faɗin tabarma ba. A hawa na farko na bugi wani da kafaɗa, ban san ko wane ne ba. A na biyu sarƙa ta zame, na sauka na mayar da hannuna. A na uku ban ji ƙafafuna ba sam, ihu kawai nake ji, kuma yau sunana suke kira, har da masu zagina na ranar Alhamis, na tabbata. Mutanenmu suna son na ƙarshe in ya ƙi mutuwa.

Ɗan Eritiriyan ya ci Zagaye. Bafaranshen na biyu, Shema na huɗu. Mu sittin da ɗaya muka gama cikin tamanin da biyar. Na sittin da ɗaya, Sebahire, a bayan na farko da awa biyu da minti goma sha ɗaya. Sunan yana takarda, lambar tana bayana. Goma.

Na jingina da shingen ƙarfe ina shan ruwa. Maman Keza tana gabana tana goge mini fuska, Kamali da yaransa suna can gefe. Sai na ga duk suna kallona. Kamali ya ce, "Kai, wannan mutumin ba shi da kunya." Maman Keza ta sa hannu a baki. Ban gane me na yi ba.

Sai murya ta fito daga hagu, dab da kunnena.

"Kawu Sebahire."

Na juya gaba ɗaya. Gatera ne, hannu ɗaya rataye a wuya, ɗayan a miƙe gare ni. Ban san tun yaushe yake a miƙe ba. Ya sauke shi a hankali. Bai yi fushi ba, kallona kawai yake yi, ba fuskata duka ba, idona na hagu kawai. Ya ɗaga yatsu ya kaɗa su ta gefen nan. Na ji iskarsu a kumatuna.

Ya zagayo ta dama ya tsaya.

"Tun yaushe?"

Na buɗe baki in ce tun yaushe me. Maman Keza ta riƙe mini hannu.

"Tun faɗuwar da na yi a Nuwamba," na ce.

"Koci ya sani?"

"A'a."

"Ka san haka ka shiga tsakiyarmu."

"Saura ɗaya ya rage mini, Gatera. Ɗaya tak."

"Ni kuma bana ce tawa," ya ce. "Kowa ya san bana ce tawa."

Kamali ya matso yana tambaya me ake ciki, Gatera ya ɗaga masa hannu ya tsaya. Na jira zagi. Na shirya masa tun sati uku, da amsoshina a baki. Ya gyara igiyar da ke wuyansa, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji.

"Shekara shida ina bin tayarka, Kawu. Kai ka koya mini gangara. Da ni kaɗai ka gaya wa, ba mai ji. Da ta dama zan bi."

Ya juya ya tafi ta gefen da nake gani, na kuwa gan shi har ya shige cikin mutane.